Yaron da nake yi wa lesin ya haddace lissafi amma bai gane shi ba

Ɗalibar KASU:
Assalamu alaikum. Ina aji biyu a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU), kuma wata biyar ke nan ina yi wa wani yaro ɗan aji biyar lesin a Unguwar Rimi, Alhamis da Juma'a da yamma, tunda ranakun babu Islamiyya. Da kuɗin nake biyan napep daga Kawo, in yi fotokwafi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Yaron nan zai rero miki biyu sau biyu har 12 sau 12 bai yi tuntuɓe ba. Amma jiya na ce ya raba 56 gida 7, sai ya ƙura wa littafin ido, yana ta cizon fensir har idonsa ya ciko. Mamansa kuwa so take kullum mu gama aikin gidan da aka ba shi, domin baɗi zai zauna Common Entrance, jarrabawar shiga sakandare, tana masa fatan Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Malali. In na bi tata, ni ce ke yin aikin, shi yana kwafa. Ya zan yi?

Tsohon Hedimasta, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. 'Yata, yaron nan ba daƙiƙi ba ne, waƙa aka koya masa, ba a nuna masa ma'anarta ba. Ki ajiye littafin tukuna. Ki tara marfin kwalba 56 da faranti 7, ki ce ya zuba ɗaya-ɗaya har su ƙare, sannan ya ƙirga na kowane faranti. Da ya ga 8, ki tambaye shi bakwai sau takwas nawa ne. Nan ne zai gane cewa rabawa ninkawa ce aka juyo da baya. Kada ki faɗa masa, ki bar shi ya gano da kansa, ko da zai ci rabin awa.

Kuma ki yi masa bayanin da Hausa. Yara da yawa Turancin tambayar ne ke kayar da su, ba lissafin ba. In ya gane, sai ki ɗora masa kalmomin Turancin, tunda da su za a yi jarrabawar.

Ɗan Poli:
Shekara biyu na yi ina lesin a Badarawa. Ni da kuɗi nake koyarwa: an aike ka da 500, ka sayo burodin 350, nawa ne canji? Ba a taɓa cutar yaro a canji. Shawara ɗaya, 'yar'uwa: tun yanzu ki sanar da iyayen yaron makon jarrabawarki. Ni na ji nauyin faɗa, na riƙa zuwa ina gyangyaɗi, har na faɗi kwas ɗaya.

Maman 'Yan Biyu:
Malama, ni uwa ce, bari in faɗa miki abin da ke ranmu. Ba mu da ma'aunin da ya wuce jan biron da ke cikin littafi, shi ya sa muke nacewa a kan aikin gida. Ki kira mamansa ta zauna minti biyar, ki ba shi tambayar nan a gabanta, ba tare da kin kunyata shi ba. In ta gani da idonta, ita za ta ce ki koma da shi baya.

Ɗalibar KASU:
Na gode ƙwarai. Baba, yau na gwada, da ƙwallon dabino tunda ban samu marfin ba. Da ya ƙirga faranti na uku sai ya tsaya, ya ɗago ya ce, "Anti, ai duk takwas-takwas ne!" Ya ce in ba shi 63, ya ce tara tun bai taɓa faranti ba. Mamansa tana bakin ƙofar kicin tana ji. Mun yi da ita rabin lokacin na aikin gida, rabi na dabino. Baba, in mun zo kan rabi da kwata, da me zan fara?