Neman shawara: ta ina zan ɓullo ma Alhaji kan maganar lahiyar 'yan dako?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nike nema. Ni ka riƙe ma wani Alhaji lissahi a mangazarshi ta aya da wake nan Maradi, ba zan hwaɗi suna ba, mutumen kirki ne wallahi. Ga abin da ka damuna. Mu na cikin biro da direbobi, in ɗayanmu ya kwanta ko iyalinshi, odonansi (takardar magani ta likita) kawai za ka miƙa ya ce a tahi faramasi a ɗauko. Amma 'yan dako da ka ɗaukar buhu tun sahe, da matan da ka zuwa daga wajen Tibiri da Jiratawa suna shiƙa da tsintar aya cikin ƙura, su ranar da ba ka zo ba babu kuɗin ranar, shi ke nan. Da damanar ga wata cikinsu ɗanta na ta zazzaɓi tana goye da shi tana aiki don kar ta rasa na cefane, sai da ya hwara jijjiga anka ruga da shi CHR, babban asibitin jiha, anka ƙara mishi jini. Ya tashi alhamdulillah. Ina son in yi ma Alhaji magana amma ina tsoron ya ga kamar zuga ma'aikata nike, kuma in da hali ina son abin ya kai ga sauran 'yan kasuwa.

Majo mai ritaya: Wa alaikumus salam ɗana, Allah shi ba ka ladar niyya. Bari in hwaɗa maka abin da na gani a CSI, ƙaramin asibitin gwamnati na unguwa. Tun 2006 duba yaro ɗan ƙasa ga shekara 5 kyauta ne a asibitin gwamnati, kuma daga Satumba 2024 an rage kuɗin duba marar lahiya da rabi, haihuwa ta koma kyauta. To kenan ba kuɗin ganin likita ya riƙe matar nan ba. Ladar ranar ce, da kuɗin kabu-kabu, da tsoron a ce maganin ya ƙare a rubuta mata odonansi ta sayo waje. Nan ne Alhaji ke da abin yi kuma ba ya kai ya kawo. Abu na hwarko da za ka nema: wadda ta kai yaro asibiti ko ta tahi awon ciki, in ta kawo karne (katin asibiti) da tambari, a biya ta ranarta cikakka. Na biyu, maganin rigakahin masassarar damana da aka ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5, wata-wata tun daga wajen Yuli har Oktoba, gida-gida aka bi da shi, matanku kuwa lokacin suna mangaza da goyonsu, sai a wuce su. Ka je ka ga majon CSI ɗin unguwarku ka roƙa masu rabon su biyo ta wurinku, tabarma da inuwa kawai za ku ba su.

Ɗan Zariya: Hhhh alhazan garin ga? Ku ce a gina masallaci a rubuta sunansu ku gani, amma lebura ya karye sai Allah ya sawwaƙe. Malam bar lallashi, doka ce, kowane ma'aikaci dole a rubuta shi CNSS, asusun gwamnati na kare ma'aikata, albashi mahi ƙanƙanta ma ya koma jika 42 tun 2024. Ka kai shi inspekson, wurin masu duba haƙƙin ma'aikata, kawai

Mai gareji a Sabon Gari: Ƙanena sannu da zahi. Ya kai shi inspekson yau, gobe a sallami matan a ɗauko wasu, shi ma ya bi su, wa ya ci riba? Maganar CNSS gaskiya ce, amma a san abin da take biya: haɗarin wurin aiki, kuɗin iyali, da fansho. Ba ta sayen ma ɗanka maganin masassara. Duk da haka ga masu ɗaukar buhu mai kilo 100 suna hawa katako zuwa kan kamyo, na haɗarin nan kaɗai ya isa a rubuta waɗanda ka aiki kullum, a bi da shi sannu dai.
Ni abin da nike yi da yarana kes ce, wato asusun taimakon juna. Kowace Juma'a kowa ya sa dala 20, ni in sa daidai abin da sunka tara gaba ɗaya, a rubuta cikin kaye, babban cikinsu ka riƙe kuɗin ba ni ba. Sharaɗi ɗaya, odonansi daga asibiti, kuma faramasi aka kai kuɗin ba a damƙa ma mutum a hannu, in ba haka ba sai ka ji an yi suna da su ko an sayo ƙwayoyin 'yan tebur. Amfaninta babba shi ne yaro ba ya tsayawa yana sosa ƙeya yana jiran ranar da na tashi da fara'a.

Hajiyar asusu: Ku maza kun cika son ƙirƙiro abin da mata sunka daɗe da yi. Ƙungiyar asusu ta Mata Masu Dubara nan jihar Maradi anka faro ta a 1991 tare da ƙungiyar agaji ta CARE, har ƙasashe da yawa sunka kwaikwaya. Akwati mai kwaɗo ukku, makulli hannun mata ukku, kuɗin bashi daban na taimakon juna daban. Ina mai tabbata maka cikin matan nan akwai 'yan asusu, ka tambaye su, su riƙe tasu kes ɗin da kansu kar a gama musu da ta maza. Kuma ɗana wata tambaya, akwai makewayi na mata a wurin? Ruwan sha hwa? Don na san mata da ka ƙin shan ruwa yini guda saboda babu inda za su zagaya, da zahin Afrilu kuwa. Wanga ba ya bukatar taro, bulo ne da buhun siminti. Takunkumi ma na masu shiƙa, tari ya yi musu yawa.

Malamin islamiyya: Ƙarin bayani kaɗan, don na san Alhaji zai iya cewa ai yana hidda zakka. Halal ne ya ba ma'aikacinshi matalauci zakka, amma ba ta zama madadin ladar aikinshi ko wani haƙƙi da ke kanshi. Kar a gama biyun.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai iyayena. Hajiya gaskiya makewayi ɗaya ne kuma maza sun mamaye shi. To yanzu sauran yadda zan buɗe baki, da yadda za a jawo sauran masu mangaza.

Tsohon ɗan kasuwa: Ni ma ina da ma'aikata, bari in gaya maka yadda muke jin magana. Kar ka yi ta gaban mutane, kar ka yi ta ranar da aka lodi, kuma kar ka zo da kalmar haƙƙi a bakinka tun hwarko. Ka same shi shi ɗaya bayan la'asar, ka tahi da sarkin 'yan dakonku ko wani dattijo da yake jin nauyi. Kai ne mai lissahi, to ka zo da lissahi: abin da ya riga ya kashe bana a odonansi da gudummawa nan da can, da abin da kes za ta ci mishi a wata. Da yawanmu muna kashe kuɗin nan dama, sai dai wanda ke kusa da mu shi ka samu, na nesa ko labari ba mu ji. Ka bar shi ya sa ma abin suna, ya zama shi ya kawo shawarar.
Sauran 'yan kasuwa kuwa kar ka yi gaggawar kai takarda sandika (ƙungiyar 'yan kasuwa) ko shambar de komers (majalisar 'yan kasuwa), za ta kwana cikin durowa. Mu junanmu muka kallo. In 'yan dako sunka hwara cewa mangazar wane ta hi, lokacin kaka da kowa ka neman hannu, da kansu za su zo tambaya. Sannan ne za a kai ta taron sandika, Alhajinka ya yi bayani ba kai ba.

Ɗan Zariya: To Baba na ji, amma in an shekara ba a rubuta kowa CNSS ba ni dai ina nan kan bakana

Majo mai ritaya: Ka yi daidai ka riƙa tuna musu. Ɗana na manta abu ɗaya, jinin da anka ƙara ma yaron nan wani ne ya bada shi, kuma da damana jini ƙaranci yake yi ƙwarai saboda yawan yaran da masassara ka shanye ma jini. Ku na biro da direbobi ku tahi cibiyar ƙarin jini ku bada tun watan Yuni, wannan ko izinin Alhaji ba ku bukata. In ka gama lissahin kes ɗin ka turo shi nan mu duba kahin ka kai mishi.

Mai tambaya: In sha Allahu Baba. Mai gareji don Allah turo mini hoton shafin kayenka in ga yadda kuka ja layukan.