Kashi na biyu: labarin ne ya riƙe mu, ko muryar mai karatu?

Maman Haidar: Salamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya na ƙarasa sauraren kashi na biyu na labarin nan da muke bi tun bayan ƙaramar sallah. Abin da ke raina zan faɗa: muryar mai karatu ce ta rufa masa asiri. A kashi na farko yarinya 'yar shekara 17 ta ɗaura igiya a ƙugu ta sauka tsohuwar rijiya neman ƙanenta da aljanu suka sace. Da wayonta ta shawo kan ɗan sarkin aljanu, son ma daga baya ya shigo. Yanzu an kulle ta a fada, maza biyu na faɗa a kanta, ita kuwa sai kuka.

Auta: Haba Anti! Ba ki ji wurin da ɗan sarkin aljanu ya ce zai bar sarautar ubansa ya zama bil'adama, ya tsufa ya mutu tare da ita ba? Ina wanke-wanke sai da na tsame hannu daga kumfa na mayar da wurin baya sau uku.

Maman Haidar: Na ji, Auta, ni ma idona ya cika. Amma ki lura da yadda mai karatun ta sassauta murya, ta yi shiru kafin ta ƙarasa jimlar, ga sarewa na tashi a hankali. Cire waɗannan ki rubuta maganar a takarda, za ki ga alkawarin da ya riga ya yi ne a ƙarshen kashi na farko.

Yaya Bilki: Ni ban yarda a raba labari da murya ba. Da kunne muka fara sanin labari, a gaban kaka, tana cewa ga ta nan ga ta nanku, muna cewa ta zo mu ji ta. Gizo ba ya zama Gizo sai an yi tsamin bakinsa. Kuma wa ke da lokacin zama da littafi? Ina kan keken ɗinki tun hantsi, waya na cikin aljihu, labari na tafiya. In murya ta riƙe ni awa biyu, aikin ya yi.

Malam Sani: Yaya Bilki, a kan murya kina da gaskiya, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ci gaban labari sai ya zo da sabuwar matsala. Ku dubi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya koyar a Midil ta Katsina. Ya fara fitowa a 1937, littattafai uku ne. A na farko aku yana ba da labarai ne don ya hana ɗan sarki fita wurin yaƙi. A na uku ya riga ya zama waziri, ɗansa yake koya wa zaman duniya. Akun nan dai shi ne, amma dalilin maganarsa ya sauya. Ko mu zo gida nan Daura. Bayajidda ya kashe macijin Kusugu da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Daurama. Da a nan aka tsaya ma ya isa. Amma sai ga Bagwariya ta haifi Karɓagari, Daurama ta haifi Bawo, magana ta koma kan wa zai gaji gari. Wannan shi ne ci gaba.

Auta: Malam, ai an kawo sabon mutum, wazirin aljanun nan mai sonta.

Malam Sani: An kawo shi don a tsawaita ne, ƙanwata. Wanda ke ɗora karatu a YouTube, yawan kallo da tallan da ke biyo baya ne ke kawo masa kuɗi, don haka fitowa 40 ta fi masa 20. Ba na ganin laifin mai neman halalinsa, amma kunne na ganewa in an tsinka kunu da ruwa.

Yaya Bilki: To ni ban ji tsinkin ba. Kuma kuna mantawa, wadda aka raba da iyayenta aka kai ƙarƙashin ƙasa, kuka ya halatta gare ta. Ba kullum mace za ta yi ta jarumta ba.

Maman Haidar: Ta yi kukanta, Yaya, ban hana ba. Amma ta share hawaye ta nemi ƙofa. Tare da ɗiyata nake saurare, tana aji biyar na sakandare. Da muka gama kashi na farko cewa ta yi, Mama, da ni ce ma zan shiga rijiyar saboda Haidar. Jiya kuwa tambayar da ta yi mini ita ce, cikin biyun wa ya fi kyau.

Auta: Anti, an ce akwai kashi na uku. Wataƙila a can za ta tashi.

Maman Haidar: Allah ya sa. Zan saurari fitowa biyar na farko. In har lokacin tana bakin taga tana jiran a zo a ɗauke ta, na ajiye.