Shin manoman Anatoliya "shafe" mafarautan Turai suka yi?

Bashir: Wallahi abin nan ya ishe ni. Har yau wasu na rubuta cewa mutanen Turai koyon noma kawai suka yi daga maƙwabta. Tun 2015 binciken DNA, wato ƙwayoyin halitta, na tsofaffin ƙasusuwa ya kashe wannan magana. Manoman farko na Jamus, na shekara 7,500 da suka wuce, kusan duk jininsu irin na waɗanda aka tono a Barcin ne, a Anatoliya, wato Turkiyya ta yau. Mutane ne suka taso da alkama da sha'ir da tumaki da shanu, suka shafe mafarautan da suka tarar.

Malama Rabi: Malam Bashir, "shafe" fa ka ce? A kogon Blatterhohle na Jamus, masu rayuwa da farauta da kamun kifi suna binne mamatansu wuri ɗaya da manoma kusan shekara 2,000 bayan zuwan noma. Kuma jinin mafarauta a jikin manoman farko bai kai kashi 10 cikin 100 ba, daga baya ya haura 20 a wurare da dama. Wanda aka shafe ba ya ƙaruwa.

Sani: Malama, a bakin masu nazarin ƙwayoyin halitta shafewa rinjayen yawa ce. Mai rumbu yana zaune wuri ɗaya, yana yaye yaro da wuri, haihuwa ta matso kusa. Kuma ai an yi kisa, ga ramin Talheim na Jamus mai gawa 34.

Malama Rabi: Gawarwakin Talheim na manoma ne, raunin da ke ƙoƙon kawunansu kuma na gatarin dutse ne irin na manoma. Ku masu ɗakin gwaji kun saba ɗauko rami ku jingina shi inda kuke so.

Dakta Hadiza: A daina yi mana kuɗin goro. Aikin yana da ƙa'ida. Ana ɗaukar garin ƙashi kamar miligiram 50 daga ƙashin nan mai tauri da ke kewaye da kunnen ciki, domin ya fi sauran ƙasusuwa riƙe DNA, wani lokaci ninki 100. A jiƙa shi cikin sinadaran EDTA da furotinas K masu narkar da ƙashi ya kwana, a kama gutsattsarin DNA da silika, sinadarin da DNA ke maƙalewa a jikinsa. Tsohon DNA gajere ne, yawanci bai kai harafi 100 ba (da haruffan A, C, G da T ake karanta DNA), kuma a bakin kowane gutsure harafin C yakan rikiɗe ya koma T. In babu wannan alama, to wataƙila gumin wanda ya tono ƙashin kake karantawa. In namiji ne a duba kromosom X: guda ɗaya gare shi, in an ga iri biyu, DNA na wani ya shiga.

Kabiru: Dakta, wannan ƙashin kunne biyu kacal kowane mutum ke da shi, kuna niƙe shi. Me ya hana saiwar haƙori?

Dakta Hadiza: Ɓawon da ke lulluɓe saiwar haƙori yana bayar da DNA in ƙasa mai sanyi ce. A wuri mai zafi sau da yawa fanko ne, an yi asarar haƙori da kuɗin gwaji. Kuma ana ɗaukar hoton sikan kafin a huda.

Kabiru: Ba kowa ke yi ba. Sannan in injin huda ya yi gudu da yawa, zafinsa na ƙona DNA ɗin da kuke nema.

Malama Rabi: Ga kuma lissafin shekarun ƙashi da awon sinadarin kabon. Mutanen Lepenski Vir na ƙasar Sabiya a bakin kogin Danub kifi suke ci, tsohon kabon na ruwa ya sa ƙasusuwansu suna nuna sun girmi ainihin shekarunsu da ɗaruruwa. In ba a gyara da awon naitirojin mai nuna yawan cin kifi ba, sai a sa wanda ya zo baya a gaba.

Sani: Wannan tsohon zance ne, an gyara tuni.

Bashir: Jama'a, maganata ita ce ƙaura ce ta kai noma, ba koyo ba!

Nura: Bari in tattara. An yarda DNA ya tabbatar da maganar Malam Bashir, Dakta ta nuna hanyar gwajin ba ta da kokwanto, masu tonon ƙasa kuma ba su kawo hujja ba sai ƙorafi.

Malama Rabi: Malam Nura, Blatterhohle da Talheim ƙorafi ne? Ban yarda a bar "shafe" a ciki ba. A cire ta.