Ƙanena yana jiran shari'a tun kafin azumi, ina zan dosa?

Yayar Mai Adaidaita: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗaure. Ƙanena direban adaidaita sahu ne, mashin ɗin ma ba nasa ba ne, balas yake kaiwa kullum. Tun rasuwar mahaifinmu shi ke riƙe da Inna, shi ke biyan kuɗin makarantar autarmu, har an sa ranar aurensa bayan babbar sallah, dangin yarinyar yanzu sun fara maganganu. Wasu samari ya ɗauka, suka zare wuƙa suka ƙwace wayar wata fasinja suka dire, ita kuma ta riƙe lambar mashin. Da 'yan sanda suka zo ba su same shi ba, sai suka tafi da Kawunmu, sai da yaron ya kai kansa aka sake shi. An kai shi kotu, alƙali ya ce a ajiye shi gidan gyaran hali sai shawara ta zo daga ma'aikatar shari'a. Duk zaman da aka yi, ɗagewa ake yi. Inna ta sayar da keken ɗinkinta, mun ba wani mutum kuɗi ya ce zai fito da fayil, har yau shiru. Me zan yi?

Tsohon Magatakarda: Wa alaikumus salam. 'Yar nan, na yi aikin kotu har na yi ritaya, saurare ni. Tun daga farko an taka doka. Sashe na 36 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama wani a madadin wanda ake zargi, don haka tafiya da Kawunku haramun ne. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ke tsare, in wata 2 ya cika ba a yi masa shari'a ba, a sake shi ko a ba shi beli. Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015 kuma kwana 14 ta ba alƙali ya tsare mutum, sai an kawo dalili a ƙara. Ki samu lauya ya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu, har diyya za ku ci. Ki daina ba 'yan kan-ta-waye kuɗi.

Maman Biyu: Diyya! Baba, a ƙasar nan? Mijin ƙanwata haka ya zauna shekaru a kan rigimar fili da aka mayar laifi, ranar da aka sallame shi ko sannu ba wanda ya ce masa. Ya fito da ciwon ƙafa, shagonsa ya mutu, matarsa na gidanmu har yau. Ni yanzu ko inuwar kotu ba na zama.

Ɗalibar Lauya: Baba, da girmanka, akwai gyara. Sashen nan na 35 ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga maganar wata 2, kuma fashi da makami yana ciki. Dokar 2015 ta tarayya ce, jihohi kowace da tata, kamar ta Kano ta 2019. Yaya, wace tuhuma aka rubuta a takardar kotu? In fashi da makami ne, kotun majistare ba ta da hurumin yin shari'ar, shi ya sa take jiran shawara, kuma beli sai a babbar kotu. Ya sa hannu a wani bayani a caji ofis?

Yayar Mai Adaidaita: Ban ga takardar ba, Kawu ne ke shiga kotun. Hannu kam ya sa, amma ya ce min duka ya sha. Mutumin da muka ba kuɗi kuwa ba ɗan kan-ta-waye ba ne, maƙwabcinmu ne, tare suka tashi da mahaifinmu, kuma ya taɓa fito da ɗan wani a layinmu.

Tsohon Magatakarda: To ai shi ke nan, dukan nan ya kashe ƙarar. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ba ta yarda a karɓi bayanin da aka samu da duka ba. Yarinya, karatu daban, aiki daban. Ni na ga alƙalin alƙalai ya shiga gidan yari ya sallami masu jiran shari'a da idona. A rubuta masa takarda kawai.

Ɗalibar Lauya: Sai an tabbatar wa kotu da dukan, Baba, faɗa da baki bai isa ba. Akwai tabo? Likita ya duba shi? Yaya, ki fara da Hukumar Ba da Agajin Lauya ta Ƙasa, tun 1976 take, aikinta kare marasa ƙarfi kyauta. Maganar dukan ki kai Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama ta Ƙasa, ba a biyan ko sisi. Amma ki je da lambar ƙara da sunan kotu. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke, fayil ɗin da ba mai binsa kwanciya yake yi.

Ɗan Kasuwa: Duk wannan doguwar hanya ce. Ku nemi matar da aka ƙwace wa waya, ku tafi da mai unguwa da liman, ku biya ta, ta janye. Kuna ƙarar hukuma ɗanku na hannunta? Ni an taɓa kwashe min kaya a shago, na bi doka, kuɗin mota kawai na ƙarar.

Tsohon Magatakarda: Kada ki kuskura! Fashi laifi ne tsakaninsa da gwamnati, matar ba ta da ikon janyewa. Kuna biya kun amsa laifi.

Yayar Mai Adaidaita: Na gode duka. Amma ku gane, lauyan kyauta muna tsoron ya riƙe abin sakwa-sakwa, kuma Kawu ya ce in muka kai ƙorafin duka za a ƙara ƙuntata wa yaron. Maƙwabcin namu ya kira ɗazu, ya ce fayil ya kusa, a ƙaro wani abu kafin Litinin. Inna ta ce a ba shi.

Ɗalibar Lauya: Yaya, lambar ƙarar fa?

Maman Biyu: Allah Ya fito da shi. Mu ma Litinin aka yi ta ce mana.