Idan ma'aikacin tarayya ya rasu ko ya nakasa, wa ke karɓar haƙƙinsa?

Baban Hafsat, Kubwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk lokacin da aka yi rashin ma'aikaci, tambaya ɗaya ce ke dawowa bayan an share makoki: kuɗinsa suna ina, kuma wa zai karɓa? Ina roƙon waɗanda suka riƙe irin wannan fayil da hannunsu, ko suka raka iyalan mamaci ofis-ofis a Abuja, su rubuto abin da suka gani.

Bari in buɗe da abin da mutane da yawa ba su sani ba. Kuɗin ba a wuri ɗaya suke ba. Akwai asusun fanshonsa da ke hannun kamfanin fansho, inda ake zuba kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, ma'aikatarsa ta ƙara kashi 10, kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada. Akwai inshorar rai ta ma'aikata, wadda doka ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara. Wanda yake ɗaukar naira 200,000 a wata, na shekara 2,400,000 ke nan, inshorarsa ba za ta gaza 7,200,000 ba. Sannan idan ya fara aiki kafin Yulin 2004, yana da haƙƙin shekarun baya da gwamnati za ta lissafa ta zuba a asusunsa. Kowanne da ƙofarsa, kowanne da takardunsa. Iyalai da dama asusun kaɗai suke bi, su bar inshorar, alhali ga wanda bai daɗe a aiki ba ita ce mafi tsoka.

Hajiya Maman Sadiq, Gwarimpa

Wa alaikumus salam. Malam, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Babban abin da ke raba zumunci a wannan harka shi ne sunan da ma'aikaci ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa, abin da ake cewa nes-of-kin. Mutane sun ɗauka wanda aka rubuta shi ne mai kuɗin. Ba haka ba ne. Shi dai mutum ne da za a nema idan wani abu ya faru. Kamfanin fansho ba ya sakin ko kwabo don sunanka yana fom; takardar kotu yake nema, ko dai wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci. A nan Abuja rajistarar gado ta Babbar Kotun Birnin Tarayya ce ke bayar da ita.

Ga yadda abin ke cakuɗewa. Saurayi ya kama aiki yana da shekara 25, ya rubuta sunan wansa. Ya yi aure, ya ƙara, ya haifi 'ya'ya takwas, fom yana nan yadda yake. Ranar da ta Allah ta kasance, wan ya ce shi aka rubuta, matan su ce su ke da marayu. Watanni su shuɗe ana kai ruwa rana, yaran suna gida babu kuɗin makaranta. Don Allah maza, ku je ku sabunta fom ɗin nan duk lokacin da aka ɗaura aure ko aka yi suna. Ba kiran mutuwa ba ne.

Lauya, Wuse

Hajiya ta faɗi gaskiya, zan ɗora a kan batun kotu. Kafin a nufi rajistara, a fara zuwa kamfanin fansho da takardar shaidar mutuwa a sanar da su, a karɓi jerin abin da suke so a rubuce. Dalili kuwa, dole takardar kotun ta ambaci asusun fanshon a cikin dukiyar da aka lissafa. Wannan kuskure na gan shi ya fi a ƙirga: a karɓo takarda da ta lissafa asusun banki da fili da mota, a manta fansho, sai a sake komawa neman ƙari, a sake biya, a sake jira.

Takardun mutuwa iri biyu ne, kada a haɗa su. Akwai ta asibiti da likita ke rubuta sanadin mutuwa, akwai ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wanda ya rasu a gida aka yi masa sutura kafin la'asar, kamar yadda muka saba, babu ta asibiti, don haka a hanzarta yin rajista a hukumar ƙidaya, a kuma nemi wasiƙar limamin da ya sallace shi ko mai unguwa. Idan haɗarin mota ne, a karɓi rahoton 'yan sanda tun abin yana da zafi.

A rajistara za a nemi masu kula da dukiyar, galibi mutum biyu, da masu tsaya musu, sannan a buga sanarwa a jarida a jira kwana 21 ko akwai mai ja. Shawarata ga gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kowane ɗaki ya samu wakili, ko a ɗauki mutumin da duka ɗakunan suka aminta da shi. A buɗe asusun banki da sunan dukiyar mamacin, wanda ba ya fitar da kuɗi sai da sa hannun su duka. A jihohin Arewa ana karɓar umarni mai hatimi daga kotun yanki a madadin wannan takardar, amma a tambayi kamfanin tukuna kafin a kashe kuɗi a kansa. Kuma a sani, mai riƙe da takardar nan ɗan aike ne. Idan kuɗi suka fito, rabon gado ne zai yi aiki: ga Musulmi, bayan an biya bashi, matan su raba tumuni a tsakaninsu idan akwai 'ya'ya, uwa ta ɗauki sudusi, namiji ya samu rabon mata biyu.

Ummu Khalil, Lugbe

Yallaɓai lauya, tambaya. Matar da ke takaba wata huɗu da kwana goma, ya za ta yi da wannan zirga-zirga? Kuma kuɗin inshora shi ma sai da takardar kotu?

Lauya, Wuse

Malama, sanar da ma'aikata da kamfanin fansho da karɓo takardar mutuwa duk ɗa ko ɗan'uwa zai iya yi. Inda ake buƙatar ta da kanta shi ne sa hannu da ɗaukar hoto, wannan kuma ta tambayi malaminta game da fita don lalura. Abin da ba na so shi ne ta miƙa takardun asali ga kowa. Ta ba da kwafi, ta ɓoye na asali.

Inshora kuwa, dokar 2014 ta ce kamfanin inshora ya biya wanda mamacin ya ambata a matsayin mai cin gajiya. Ta hannun ma'aikatarsa ake bi, kuma ga ma'aikatun tarayya ofishin shugaban ma'aikata ne ke kula da tsarin. Saboda haka ma'aikatar ce za a matsa wa ta aika sanarwar mutuwa da wuri. Idan kuma mai aikin bai yi wa ma'aikacinsa inshorar ba, doka ta ɗora masa biyan kuɗin daga aljihunsa. Ko kuɗin inshora na shiga gado ko ba ya shiga, wannan a kai wa alƙali ko malamin da ya san mirasi, kada a yanke a tsakar gida.

Tsohon Akawu, Karu

Ni zan yi magana kan tsofaffin da ke tsohon tsari, don ana yawan kai fayil ɗinsu inda ba nasu ba. Wanda ya yi ritaya daga aikin tarayya kafin ƙarshen Yunin 2007, yawanci ba shi da asusu a kamfanin fansho. Hukumar PTAD da ke Maitama, wadda aka kafa a 2013, ita ke biyansa. Soja kuma nasa daban ne, hukumar fanshon sojoji ce a Dutsen Alhaji.

A tsohon tsari, shekara 5 na aiki ke ba mutum garatuti, shekara 10 ke ba shi fansho, wanda ya cika 35 kuma yana samun kashi 80 na albashinsa na ƙarshe a matsayin fansho da kashi 300 garatuti. Ga wurin da iyalai ke ruɗewa: an lamunce fanshon shekara biyar ne daga ranar ritaya. Idan ya rasu a shekara ta uku, magada za su karɓi na shekara biyun da suka rage. Idan ya wuce biyar, fansho ya tsaya da rasuwarsa, sai dai bashin da yake bi, kamar ariyas na ƙarin da ba a biya shi ba.

Ina roƙon 'ya'yanmu da babbar murya, kada a ci gaba da cirar fanshon mamaci da katinsa. Ana ganin kamar ba kowa ya sani, amma ranar da aka zo neman haƙƙinsa za a nemi bayanan asusun banki, duk abin da ya shiga bayan ranar mutuwa sai an cire shi ko an mayar. Ga kuma hakkin da ke kan wuya. Masu rai kuwa su riƙa yin tantancewar PTAD ta tabbatar da mutum yana raye, wato I Am Alive, a waya duk wata shida. Tsohon da ba ya iya riƙe waya, jikansa ya zaunar da shi inda haske ke dukan fuskarsa, don duhun ɗaki ne ke sa hoton ya ƙi karɓuwa.

Injiniya, Nyanya

Baba Akawu, Allah ya ƙara lafiya. Ba a taɓo nakasa ba, ga kuma ƙofa ta huɗu da kusan kowa ke mantawa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta shafi wanda ya ji rauni, ko ya kamu da ciwo, ko ya mutu sanadin aiki. Mai aiki ne ke biyan kashi 1 na jimillar albashi, ba a cirewa daga ma'aikaci. Kuma ta haɗa da haɗari a hanyar zuwa aiki ko komawa gida. Duk mai bin hanyar Nyanya da Mararaba safe da yamma ya riƙe wannan.

Lokaci ne ke kashe wannan haƙƙi. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto hukumar cikin kwana 7, a shigar da neman diyya kafin shekara ta cika. A yi sanarwar a rubuce, a sa a buga hatimin karɓa a kan kwafi. Sanarwar baki a bakin gadon asibiti ba ta zama hujja. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana samun kashi 90 na albashinsa duk wata. Idan mutuwa ce, matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana samun kashi 90, mai ɗa ɗaya kashi 85, ana kuma biyan na yara har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa.

Nakasar da ba ta da alaƙa da aiki, kamar shanyewar ɓarin jiki ko makanta, hanyarta asusun fansho. A ƙa'ida ba a taɓa asusun sai an kai shekara 50, amma wanda likita ƙwararre ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya aiki ba, ana buɗe masa ko shekarunsa nawa. A nan a kula ƙwarai: wasiƙar barin aiki ta faɗi ƙarara cewa saboda rashin lafiya ne. Idan aka bar mara lafiya ya rubuta ajiye aiki don kansa, sai ya faɗa layin wanda ya rasa aiki, ya jira wata huɗu, a ba shi kashi 25 kacal, sauran sai ya cika 50.

Anti Malama, Gwagwalada

Abu ɗaya zan ƙara ga masu shirin ritaya, don zaɓin da suka yi ranar sa hannu shi ke yanke abin da iyali za su tarar. Idan ka bar kuɗinka a kamfanin fansho ana ba ka wata-wata, duk abin da ya rage ranar da ka rasu na magada ne. Idan ka sayi anuwiti a kamfanin inshora, za a biya ka har ƙarshen rayuwa ko ka shekara ɗari, amma lamunin magada shekara 10 ne. Ka rasu a ta shida, a ba su na huɗu. Ka wuce goma, babu saura. Ana iya tashi daga na farko a koma anuwiti, ba a dawowa. Kowanne da amfaninsa, amma a karanta wa uwargida takardar kafin a sa hannu. Mai gudun kuɗin ruwa kuma ya nemi a mayar da shi asusu na shida na kamfanin fansho, wanda ba ya hulɗa da kuɗin ruwa.

Baban Hafsat, Kubwa

Allah ya saka da alheri. Saura abu guda da ke tsayar da fayil ko da komai ya cika, wato saɓanin suna da ranar haihuwa. Muhammad a takardar ɗaukar aiki, Mohammed a katin ɗan ƙasa, Mamman a banki. Ko shekarar haihuwa 1968 a fayil, 1970 a lambar NIN. Mai rai shi da kansa zai bi a gyara wannan. Idan ya rasu, marayu ne za su yi ta yawo suna rantsuwa a madadinsa. Duk wanda ya buɗe asusun fansho kafin Yulin 2019 ya je kamfaninsa a sake ɗaukar bayanansa da NIN. Wanda ke da lambar fansho biyu, saboda ya sake rajista da ya canza wurin aiki, ya nemi a haɗe su tun yanzu.

A samu jaka ɗaya a zuba takardar ɗaukar aiki ta farko, ta tabbatarwa, duk takardun ƙarin girma, takardar albashi ta Yunin 2004 ga wanda ya riga wannan lokaci, ta watan da ya gabata, lambar fansho da sunan kamfanin, da takardun haihuwar yara. A nuna wa mutum biyu inda take. Injiniya, in ka samu sarari ka rubuto mana jerin takardun asibitin da ake nema wajen diyya, akwai masu tambaya daga Zuba.