Filasha ta faɗi a wajen kamu, wa za a kai wa?

Nura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya a wajen kamu iska ta ɗauki lemar haske, ƙarfen da ke riƙe da ita ya kife da filashata, wato fitilar ɗaukar hoto, Godox TT685 a kan siminti. Ƙafar da ke shiga saman kyamara ta tsage ta gefe guda, tana girgiɗi. Tana kunnuwa, amma in na ɗora ta kan kyamara ba ta haskawa. Ga shi ranar Asabar ina da dina. Don Allah wa kuka sani a Kano da ke gyara irin wannan, ko kuwa in haƙura in sayi wata?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Allah ya tsare gaba, Nura. Da farko daina ɗora ta kan kyamara. Ka kai ta kusa da kunne ka ɗan girgiza. In ka ji ƙaras-ƙaras kamar fasasshen gilashi, to kwan ne ya fashe, kada ka ƙara kunna ta. In shiru ne, sa sabbin batura huɗu, ka jira fitilar shiri ta kama, ka danna maɓallin gwaji. Sannan ka zagaya zum ɗin daga 20 har 200, ka saurari ɗan injin da ke cikin kan filashar. Ka dawo mana da abin da ka gani.

Nura: Na gwada, Malam. Babu ƙarar gilashi, da maɓallin gwaji tana haskawa sarai, zum ma yana tafiya ba gurnani.

Malam Habu: Alhamdulillahi, abin ya zo da sauƙi. Kwan da kafasita, wato ma'ajiyar wutar filashar, lafiyarsu ƙalau, ƙafar ce kawai ta tafi.

Bashir: Oga Nura, sa mata sufa gulu ka ɗaure da roba ta kwana, za ta kai ka Asabar.

Anti Hajara: A'a Bashir, ban da gam. Nura, juya ƙafar ka duba ƙasanta. Fil ɗin ƙarfen da ke tsakiya shi ke ba da umarnin haskawa, ƙananan da ke kusa da shi su ke kai saƙon TTL, wato tsarin da kyamara ke auna ƙarfin hasken da kanta, tsakaninta da kyamara. Kowannensu a kan ɗan sifirin yake zaune, yana shiga yana fita. Gam in ya gangara wajen, sun daskare ke nan. Akwai kuma ɗan fil na makulli da ke sauka cikin ramin mazaunin kyamara. In shi ya maƙale filasha na kai, sai an kwance kafin a raba su, gyaran filasha ya koma gyaran kyamara. Ita ƙafar ana sayar da ita daban, sukurori huɗu ne ke riƙe da ita. Abin lura shi ne harafin da ke ƙarshen sunan: C ta Canon ce, N ta Nikon, S ta Sony. Jerin filolinsu ba ɗaya ba ne, ka sayo wadda ta dace da taka.

Nura: Tawa C ce, Anti. Tunda sukurori huɗu ne, ba zan iya kwancewa da kaina ba? Har ina so in buɗe jikin in ga ko wata waya ta tsinke.

Injiniya Lawal: Ƙanena, a nan nake so ka saurare ni da kyau. Batura huɗun nan volt 6 ne kacal, amma filasha na ɗaga wutar ta tara ta a kafasita har wajen volt 300, kuma cire batir ba ya zubar da ita. Tana iya zama a ciki tsawon lokaci bayan an kashe. Ko danna maɓallin gwaji ba ya kwashe ta duka. Mai gyara na gaskiya sai ya auna da mita, ya sauke wutar ta resista a hankali, ya sake aunawa, sannan ya sa hannu. Masu haɗa ƙafafun kafasita da bakin sukundireba suna jawo tartsatsi mai ƙara, bakin ƙarfen ya ƙone, wani lokaci allon wayoyin cikin filashar ma ya tafi. Wannan wutar in ta bi ta hannu biyu ta ratsa ƙirji, ba ƙaramin haɗari ba ne. Jikin da kan, kada ka buɗe su.

Sadiya: Masu gyaran waya na Farm Centre fa? Hannunsu ya saba da ƙananan abubuwa.

Injiniya Lawal: Wajen liƙin dalma da ƙananan wayoyi sun ƙware, babu shakka. Sai dai waya ba ta ajiye irin wannan wutar, don haka a gaya wa mutum tun kafin ya taɓa. Ni na fi natsuwa da tsohon mai gyaran talabijin ko inbata, don kullum da manyan kafasita yake aiki. Ka tambaye shi yadda zai sauke wutar. In bai ambaci mita ba, ɗauki kayanka ka yi gaba.

Malam Habu: Ƙafar kuma, in ta intanet za ka yi oda daga Chana, ba za ta iso kafin Asabar ba. Ka tambayi dillalan kayan hoto na Legas, ko ka nemi matacciyar TT685C a wajen abokan sana'a a ciro tata.

Anti Hajara: Aikin Asabar ma bai tsaya ba. TT685 tana da risiba a cikinta, ta rediyo mai 2.4GHz. Ka ɗora tiriga, wato na'urar da ke aika wa filasha umarni daga nesa, X2T ko XPro a kan kyamara, ka daidaita tasha da rukuni, za ta haska har da TTL ba tare da ƙafar ba. Sai ka riƙe ta da maƙalar nan ta Godox da ake kira S-type, wadda ke damƙe kan filashar, ƙafa tana sake. Ni duk aikin waje da ita nake yi, kuma ina ɗora buhun yashi a gindin ƙarfen, don lema da iska ba sa shiri.

Nura: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tiriga ina da ita, maƙalar ce babu.

Bashir: Ina da biyu, Oga. Gobe bayan Azahar ka biyo shago ka karɓi ɗaya, ka taho da filashar mu gwada ta da tirigar a nan.