Jan yauƙi ya addabi tankin murjanin da nake kula da shi a Jidda, ina neman shawara

Baban Sadiƙ, Jidda:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar kifin ruwan gishiri. Ni ke kula da tankin murjani a gidan maigidana a Abhur. Yana cin lita 450, da ƙaramin tanki a ƙarƙashinsa inda sikima take, wato injin da ke fitar da dattin ruwa da kumfa. Kifi tara ne a ciki, sai murjani masu laushi da 'yan masu tauri kaɗan. Tun shigowar zafi wani jan yauƙi ya soma fitowa a kan yashi, can lungun baya. Yanzu ya cinye gaban tankin, ya hau duwatsu, har ya fara lulluɓe murjanin da ke ƙasa. In na leƙa da asuba sai in ga ya ja baya, hankalina ya ɗan kwanta. Kafin la'asar ya sake shimfiɗuwa, ja wur mai duhu, ga ƙananan kumfa maƙale a jikinsa. In na sa masa tiyo falle guda yake ɗagowa, kamar saman kunu in ya huce, ga wari irin na taɓo.

Duk mako ina canja kashi 20 cikin ɗari na ruwan. Abinci na mayar da shi sau ɗaya a yini. Kullum ina ɗiga ruwan khal, don mai shagon da muke sayayya ya ce yana rage naitiret, sinadarin da dattin kifi ke haifarwa a ruwa. Gwajin jiya: naitiret 0, fosfet (shi ma sinadari ne da abinci da datti ke bari a ruwa) 0.15, gishiri 1.026, zafin ruwa kan kai 28 da rana. Fitila tana yin awa 12, saboda maigida yana son baƙi su same ta a kunne bayan isha'i. Yanzu ya ce in abin bai gyaru ba a kwashe murjanin a sa na roba. Wallahi ba na so a kai ga haka, wasunsu tun suna ƙanana nake renonsu. Me zan yi?

Ɗan Karantina:

Wa alaikumus salam Yaya. Kada ka wahalar da kanka, ka nemi maganin jan yauƙi da ake kira Chemiclean ka zuba yadda aka rubuta a jikin kwalin. Kwana biyu yashi ya koma fari tas. Nawa ya yi haka, da shi na rabu da shi.

Kawu na Yanbu:

Baban Sadiƙ, sannu da fama. Maganin da Ɗan Karantina ya faɗa yana aiki, ba musu, amma ban yarda ka fara da shi ba. Zai kashe wanda ido ke gani, abin da ya kawo shi kuma yana nan zaune. Bayan 'yan makonni sai ka gan shi a lungun da ya soma.

Amsar tana cikin gwajin da ka kawo. Naitiret sifili, fosfet sama: wannan shi ne yanayin da yake so. Sauran halittun tankin, murjani da gansakuka da ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke jikin dutse, duk suna bukatar naitirojin da ke cikin naitiret, kai kuma ka share musu shi da canjin ruwa da rage abinci da ruwan khal. Su sun yi rauni, shi bai damu ba, sai ya sami fili ba abokin takara. Khal ɗin ma abincin bakteriya ne, don haka ake zuba shi, shi kuwa wannan yauƙin bakteriya ne. Ka daina ɗigawa, amma ba lokaci ɗaya ba. Ka riƙa ragewa cikin mako guda ko biyu har ka tsaya.

Ka mayar wa kifi abincinsu, sau biyu a yini, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti ɗaya zuwa biyu. In daskararren abinci ne, ka narkar da shi a ɗan kofi, ka tace, ka zubar da ruwan. Abin da muke nema naitiret ya hau zuwa tsakanin 5 da 10, fosfet ya sauko tsakanin 0.03 da 0.1. In mako biyu suka wuce naitiret bai motsa ba, akwai na kwalba a shagunan kifi, ka riƙa ƙarawa a hankali, kada ya wuce maki ɗaya a yini. Fosfet kuma kada ka matsa masa da ƙarfi. Duwatsu da yashi sun sha shi sun ƙoshi, za su yi ta amayo shi sannu sannu, kuma saukar da shi farat ɗaya yana ƙona murjani masu tauri.

Sai maganar motsin ruwa. Ka ce a lungun baya ya soma, to can ruwa ke kwanciya, datti ya taru. Gwada wannan: ka saki ɗan abincin kifi, ka zauna ka bi shi da ido. Duk inda ya sauka ya tsaya bai motsa ba, wurin yana bukatar famfo. Tanki irin naka ya kamata famfunan ciki su juya ruwansa sau 20 zuwa 30 a awa, wato lita 9,000 zuwa 13,500. Ka ciro su ka wanke tukuna, don famfon da ya yi watanni ba a buɗe ba ƙarfinsa ya ragu sosai.

Zuƙewa kuma da yamma ake yi, lokacin da ya gama fitowa. Ka ɗaura jakar tacewa a bakin tiyon, ka sa ta cikin tankin ƙasa, ruwa ya koma, yauƙi ya tsaya a jaka. Da haka za ka iya yi kullum ba tare da ka canja ruwa ba. Kada ka dame shi da hannu ya watsu, ko'ina ɓarɓashinsa ya sauka zai kama.

Maman Hanan, Jidda:

Allah ya saka wa Kawu da alheri, ya faɗi mai muhimmancin. Zan ƙara kaɗan daga abin da muka karanta a ilimin teku. Sunansa sayanobakteriya. Yana haɗa abincinsa da haske kamar tsiro, kuma kumfan nan da kake gani da la'asar iskar oksijin ce da yake fitarwa take maƙalewa a cikin yauƙin. Shi ya sa da dare yake ja baya. Wasu nau'o'insa suna iya ɗaukar iskar naitirojin da ta narke a ruwa su mayar da ita abinci, abin da gansakuka ba ta iyawa. Dalilin ke nan da rashin naitiret bai cika kashe shi ba. A nan Bahar Maliya ma akwai danginsa, Trichodesmium erythraeum, wanda Ehrenberg ya bayyana tun 1830. In ya yi yawa yakan rina saman teku ja-ja.

Amma Malam, kafin ka zuba kowane magani ka tabbatar shi ne. Akwai wani abin da ake kira daino, shi ma yana son tankin da naitiret ya ƙare, kuma ya fi wannan sharri, don wasu irinsa suna da dafin da ke kashe dodon koɗi. Shi launinsa ƙasa-ƙasa ne, yana miƙewa zare-zare da kumfa a kai. Ka ɗebi yauƙin da ruwan tanki a kwalba, ka girgiza sosai, ka tace da takardar tace gahawa, ka ajiye ruwan a haske na awa ɗaya zuwa biyu. In zaren ya sake haɗuwa, daino ne. Yadda ka kwatanta naka, ja mai ɗagowa falle guda, na fi zaton sayano ne. Kuma don Allah ka sa safar hannu, kada ka ja tiyo da baki.

Abu Yasir, Makka:

Ni tambaya ce. Tunda gidan a Abhur yake, ga teku a ƙofa, me zai hana ya ɗebo ruwan can ya riƙa canji da shi? Ai ya fi na gishirin buhu.

Kawu na Yanbu:

A'a Abu Yasir, ban ba shi wannan shawarar ba. Bahar Maliya gishirinta ya kusa giram 40 a lita, tankunanmu kuwa a kan 35 muke riƙe su, kuma yawancin kifin shago daga wasu tekuna aka kawo su. Ga ruwan bakin gaɓa inda jiragen shaƙatawa ke kai da kawowa, ba ka san me ka ɗebo ba.

Amma ka tuna mini abin da ban tambaya ba. Baban Sadiƙ, da wane ruwa kake cike gurbin wanda ya ƙafe, da wanne kake dama gishiri?

Baban Sadiƙ, Jidda:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Kawu, akwai injin tace ruwa na RO a madafa, daga nan nake ɗiba. Ruwan gidan daga tankin saman bene yake saukowa, in an ɗauke kuma wayit, wato tankar ruwa, ake kira. Na ari ma'aunin TDS, mai auna ma'adinan da suka narke a ruwa, na auna yanzu, ya nuna 14. Hajiya, na yi gwajin kwalbar, ba abin da ya haɗu, ruwan ya tsaya yadda yake. Abin da ya rage mini shi ne fitila. Na ji ana cewa a rufe tanki cikin duhu kwana uku. Yana da amfani? Kuma yaya zan yi da maganar baƙi?

Ɗan Karantina:

Yaya, ni dai ina kan bakata. Mutumin da maigida ya ba wa'adi ba shi da watan jira. Ya zuba magani ya nuna farin yashi, sannan ya bi na Kawu a nitse. Sai dai ka kiyaye: ka cire gawayin tacewa, ka kashe fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cikin ruwa in akwai, ka sa dutsen iska mai ƙarfi, domin in yauƙin ya mutu yana ruɓewa oksijin na raguwa, kifi su hau sama suna haki. Sikima za ta yi ambaliya, ka cire kofinta ka bar ta tana aiki. Bayan awa 48 ka canja kashi 20 na ruwa.

Kawu na Yanbu:

To ga shi nan. 14 ya yi wa sha kyau, bai yi wa murjani ba. Injin madafa don mutane aka yi shi, wasu ma da gangan suke mayar wa ruwa ma'adinai don ɗanɗano. A zafin Jidda tanki kan ƙafe lita da yawa a yini, ruwa ya tafi, abin da ke cikinsa ya zauna, kai kuma kana ƙara wani kullum. Ka sa a ƙara maka kaskon DI, mai cire sauran ma'adinan ruwa, a bayan injin, ka tsaya sai ma'auni ya nuna 0. Ka riƙa tara ruwa da sassafe, don da rana na saman bene yana ɗaukar zafi, kuma ruwan ɗumi ya fi ratsa matatar da gishirinsa. Wannan shi ne na farko, kafin duk abin da na lissafa ɗazu.

Duhun kwana uku yana kwantar da shi, murjani kuma suna jurewa. Ka zuƙe iya abin da za ka iya kafin ka rufe, ka bar famfuna da sikima a kunne, ka rufe gilashin da kwali ba tare da ka toshe saman ba. Amma shi kaɗai ba ya gama aiki, sai an haɗa da gyaran ruwa. Batun baƙi mai sauƙi ne: ba dole fitila ta tashi da safe ba. Ka saita ta daga ƙarfe 2 na rana zuwa 11 na dare, awa 9 ke nan, ka ja labule kada rana ta bugi gilashi da hantsi. Zafin ma ka saukar da shi zuwa 25 ko 26, ko da barin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ne a kunne, ko ƙaramar fanka mai hura saman ruwa.

Na Ɗan Karantina kuwa, na ji uzurinsa. In maigida ya matsa, ka yi, amma sai bayan ruwanka ya koma 0 kuma naitiret ya fara nunawa, in ba haka ba kana kashe wannan daino na iya maye gurbinsa. Kuma kada wani ya sa ka zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta na kantin magani, ba ka da ikon zaɓar wanda zai kashe a cikin tankin. Ka samu maigida ka gaya masa gaskiya, gyaran nan yana ɗaukar mako huɗu zuwa takwas, ka nuna masa farashin kaskon DI da famfo ɗaya. Ka riƙa ɗaukar hoton lungun nan na baya kullum da la'asar, daga wuri ɗaya, ka turo mana da sakamakon gwaji ranar Juma'a mu ga inda naitiret ya kai.